Likitan da Ya Kawo wa Turai Ganyen Inuwa

Duk mai lambu ya san cewa gindin babbar bishiya da bayan katanga wurare ne masu wuyar sha'ani, domin yawancin furanni ba sa yabanya sai da rana. A Turai da Amurka, tsiron da aka fi dogara da shi a irin waɗannan wurare shi ne hosta, mai faffaɗan ganye, wanda asalinsa gabashin Asiya ne. Faɗin ganyen ne ke ba shi damar tattara ɗan hasken da ke ratsowa ta tsakanin rassa.

Yaɗuwarsa a Turai tana da alaƙa da Philipp Franz von Siebold, likita Bajamushe da ya isa Japan a 1823 yana yi wa Holan aiki. A lokacin Japan ta rufe ƙofarta ga Turawa, in ban da 'yan Holan, waɗanda aka killace a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki. Likitanci ya buɗe wa Siebold hanya: almajiransa da majinyatansa suka riƙa kawo masa tsirrai, yana dasawa yana nazari.

A 1828 aka gano yana riƙe da taswirorin ƙasar, abin da doka ta haramta fitarwa. Takahashi Kageyasu, masanin taurarin gwamnati da ya ba shi su, ya mutu a kurkuku. Shi kuwa aka kore shi a 1829, ya bar matarsa da 'yarsa Ine. Ya zauna a Leiden, inda ya kafa gandun renon tsirrai yana sayarwa. Har yau akwai nau'in hosta da ke ɗauke da sunansa.

Sai dai daga wannan gandun ne kuma itadori ya fito. A 1850 Siebold ya aika shi lambun Kew na Landan a matsayin abin ado. Tsiro ne mai naci, ɗan guntun saiwarsa ma yakan sake tohowa, don haka ya mamaye bakin koguna da gefen layin dogo. A 1981 Birtaniya ta haramta shuka shi a daji.

Juriya ce ta sa aka so tsirran biyu. Hosta ya tsaya inda aka dasa shi, itadori ya ƙi tsayawa. Saboda haka kafin a zaɓi tsiro don wurin da wasu suka kasa rayuwa, akwai tambayoyi biyu: daga wane irin muhalli ya fito, kuma me zai taka masa birki idan wurin ya karɓe shi?