Wurin yawon sallarmu da garin da ke ƙarƙashin ruwansa: zare kan Bakalori 🧵

1/ A watan Janairun 2023 kamfanin Disney ya rufe wani wasa mai suna Splash Mountain a filin wasanninsa na Florida, a Amurka. Mutane suka yi layi na awanni don su yi hawan ƙarshe. Wasu har ɗibar ruwan wurin suka yi a kwalba suka kai eBay suna sayarwa. Ruwa fa, jama'a.

2/ Wasan kwale-kwale ne da ke hawa da kai sama ya sako ka cikin ruwa. An fara buɗe shi a Kalifoniya a 1989, na Florida kuma a 1992. Wanda aka kai yana yaro ya girma ya kai nasa 'ya'yan. Kwatsam aka ce za a sauya shi da sabo. Masoyansa suka yi ta kuka a intanet, har da takardun koke.

3/ Su ma Disney suna da hujja. An gina wasan ne a kan wani fim na 1946, Song of the South, wanda aka daɗe ana suka saboda yadda ya nuna rayuwar baƙaƙen fata a gonakin kudancin Amurka kamar wata aljanna. A 2024 suka buɗe Tiana's Bayou Adventure a gurbinsa.

4/ Wato wuri ɗaya, wani yana tuna dariyar ƙuruciyarsa, wani yana tuna wulaƙancin kakanninsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Domin mu 'yan Mafara da Bakura da Maradun muna da irin wannan wuri, kuma namu ya fi nasu nauyi nesa ba kusa ba.

5/ Kafin nan, bari mu leƙa Kano, don a can ne wannan ciwon ya fi fitowa fili a Arewa. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, mutum ne mai son wuraren shaƙatawa. Gidan Zoo, otal ɗin bakin tafkin Bagauda, da Rock Castle na Tiga duk na zamaninsa ne.

6/ Bagauda da iyayenmu ke ba da labari, yau harabar makarantar horas da lauyoyi ce. Gidan Zoo kuwa, a zamanin Ganduje aka ce za a kwashe shi zuwa Tiga saboda gari ya kewaye shi. Kanawa suka yi caa. Tambayarsu ɗaya ce: yaron Sheka ko Gandu da ke takawa da ƙafa ranar sallah, wa zai biya masa kuɗin motar Tiga?

7/ A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, mai ɗaruruwan shekaru, don faɗaɗa titi, aka yi ta siminti a madadinta. A watan Yunin 2023 aka rushe shataletalen gidan gwamnati da aka gina don cikar Kano shekara 50. Kowane gwamna da hujjarsa. Mutanen gari kuwa tashi kawai suke yi su ga fili.

8/ To, mu dawo gida. A yankinmu ba mu da filin wasa mai lilo da jirgin yara. Abin da muke da shi shi ne dam. Duk wanda ya tashi a Mafara ya san yawon sallah a Bakalori: sabon ɗinki, babur ɗaya mutum uku, rake, soyayyen kifi, hoto a bakin ruwa. Ni ma a haka na taso.

9/ Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, wannan wurin da muke so, shi kansa "sabon gyara" ne da aka ɗora a kan wani abu da mutane ke matuƙar so. Kuma masu abin ba takardar koke suka sa wa hannu ba. Rayukansu suka bayar.

10/ Kafin dam, Gulbin Sakkwato yakan cika da damina ya malala cikin fadama, sannan ya janye ya bar laka mai taki. Da wannan malalar ake noman shinkafa. In ruwa ya ja baya a shiga noman rani, masunta kuma su kama kifi a tafkunan da ya bari. Tsari ne da aka gada kaka da kakanni.

11/ A 1969 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto kan gulbin. Shawararta ita ce a yi madatsa madaidaiciya, a bi a hankali, kada a hargitsa noman da mutane suka saba. Ku lura da kyau: shawarar a bi a sannu tana kan tebur tun farko.

12/ Sai kuɗin fetur ya shigo. Gwamnatin soja ta Gowon ta kira Impresit, kamfanin Italiya da ke ƙarƙashin Fiat. Su suka yi nazarin, su suka ce a yi babbar madatsa guda, su ne kuma aka ba kwangilar ginin. Kamar ka tambayi tela ko kana bukatar sabuwar riga ne.

13/ Aka fara aiki a 1974, aka gama bangon a 1978. Tsawonsa ya kai kilomita 5 da rabi, tsayin tsakiyarsa mita 48. Tafkin yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya shafe ƙasa kimanin hekta 8,000. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ce mai kula da shi.

14/ Hekta 8,000 ɗin nan ba daji ba ne. Gonaki ne, gidaje ne, masallatai ne, maƙabartu ne. Mutane sama da dubu goma aka tayar, har da mutanen tsohuwar Maradun. Aka mayar da su kan tudu, wurin da aka kira Sabuwar Maradun, nesa da fadamar da ke ciyar da su.

15/ Ka tsaya ka yi tunani. Manomin da ya saba da laka, an kai shi kan jigawa. Bishiyar ɗorawa da kakansa ya bar masa tana ƙarƙashin ruwa. Kabarin mahaifinsa ma haka. In ɗansa ya ce "Baba, ina aka haife ka?" sai dai ya nuna masa tsakiyar tafki da yatsa.

16/ Waɗanda ke ƙasan dam, wajen Mafara da Bakura, su ma ba su tsira ba. Don a shirya filin ban ruwa, katafila ta shiga gonaki ta baje su, ta tumɓuke itatuwa, ta share iyakokin da kowa ya sani. A wasu wurare har ƙasar sama mai taki aka kankare.

17/ Manomi ya zauna damina bayan damina an hana shi shuka saboda ana aiki a gonarsa. Diyyar amfanin gona da ta itatuwa ta yi ta jan ƙafa. Da aka zo mayar da filaye, wani ya samu abin da bai kai nasa ba, wani aka ba shi a wani wuri daban. Ga iyali, ga rumbu wayam.

18/ Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin. Suka kafa shingaye, suka hana motocin kamfani da na hukuma wucewa. Bukatarsu a bayyane take: a biya su haƙƙinsu, a bar su su yi noma. Lokacin Shehu Shagari ne shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa kuma gwamnan Sakkwato, don sai 1996 aka yi Zamfara.

19/ A ƙarshen watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta, suka bi mutane har cikin ƙauyuka, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Lissafin da 'yan adawa da masu bincike suka yi ya haura 380.

20/ Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A wannan ƙasar tamu, kusa da inda muke tsayawa mu ɗauki hoton sallah. Masana a Turai sun yi rubuce-rubuce a kai, malaman ABU Zariya sun yi. Amma tambayi ɗan sakandare a Mafara yau me ya faru a 1980, ka ga ko zai ba ka amsa.

21/ Wani zai ce ai ci gaba sai da sadaukarwa. To, bari mu duba abin da aka samu. An tsara ban ruwa na kimanin hekta 23,000. Kusan kashi biyu cikin uku da famfunan feshi za a yi, masu watsa ruwa sama kamar ruwan sama. Sauran kuma ruwa zai gangara ta kanal da kansa.

22/ Famfunan feshin nan su ne abin kallon Bakalori a lokacin. Manya na ba da labarin yadda fili guda zai ɗauki feshi da tsakar rani, baƙi na tsayawa a bakin hanya suna kallo. Sai dai suna bukatar wuta, da injinan turo ruwa, da kayan gyara daga waje. Abubuwa uku da ba mu taɓa riƙewa da kyau ba.

23/ Wuta ta yi ta ɗaukewa, injina suka lalace, bututu suka yi ƙafa. A hankali ɓangaren feshi ya mutu, ya rage na kanal, shi ma ciyawa da yashi suka cike shi. Abin da aka zubar da jini a kansa, mafi yawansa bai yi tsawon rai yana aiki ba.

24/ Can ƙasa kuma, a fadamar da ta miƙa wajen Sakkwato, malalar damina ta ragu tunda an tare ruwa. Wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya yi bincike a ƙauyukan. Ya samu noman shinkafa ya ja baya, mutane sun koma gero da dawa, kamun kifi ma ya ragu. Waɗannan ko a lissafin diyya ba su shiga ba.

25/ Ban ce dam bai da amfani ba, kar a juya mini magana. Shinkafar Bakalori ta ciyar da gidaje, ta yi wa yara kuɗin makaranta, ta aurar da 'yan mata. Ruwan sha, kifi, tumatir, masara da rani, duk albarkarsa ce. Ni kaina da kuɗin noman rani aka saya mini littattafai.

26/ Shi ya sa na ce ku riƙe labarin Splash Mountain. Wuri ɗaya na iya zama farin cikin jika kuma baƙin cikin kaka. Son da muke yi wa dam gaskiya ne. Ciwon dattijon da aka tayar daga tsohuwar Maradun shi ma gaskiya ne. Ba sai ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba.

27/ Yanzu kuma an sake zagayowa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyara manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, Bakalori na ciki. Aka yashe kanal, aka gyara ƙofofin ruwa, aka mayar da wani ɓangare na filin feshi zuwa tsarin gangara. Aka kuma kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

28/ A ganina wannan ya fi hankali, don ruwan da ke gangarowa da kansa bai jiran NEPA. Amma ku ga abin mamaki: bayan shekara arba'in an dawo kusa da shawarar 1969, wato a yi abin da manomi zai iya riƙewa. Da an saurara tun farko, da rayuka nawa aka tsirar?

29/ Abin da na fahimta daga Florida zuwa Ƙofar Na'isa zuwa Maradun shi ne, mutane ba gyara suke ƙi ba. Kowa na son sabon abu. Abin da ke ƙona rai shi ne a yanke hukunci a ofis, a turo katafila, mai wuri ya zama ɗan kallo a kan abin da ya rayu da shi.

30/ Bambancin kawai, Disney sun sanar tun 2020, shekara biyu da rabi kafin rufewa. Mutane suka je suka yi bankwana, suka ɗauki bidiyo, komai na ajiye. Mu fa? Hotunan tsohuwar Maradun nawa ka taɓa gani? Ina allon da ke ɗauke da sunayen mutanen 1980 a bakin dam?

31/ Ga kuma sabon rashi. Matsalar tsaro ta sa iyaye da yawa ba sa barin yara su nufi wajen dam ko hanyar Maradun don yawo. Ƙannenmu na tasowa ba su san ma wannan ɗan jin daɗin da muka sani ba. Wannan karon ba katafila ce ta ƙwace wurin ba, tsoro ne.

32/ Waɗanda suka ga 1980 da idonsu suna samari, yau sun haura sittin. Kullum ana raguwa. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. In kana da kaka ko kawu a Maradun, Bakura ko Mafara, zauna da shi bayan la'asar ka ce, "Baba, yaya garin yake kafin ruwa?"

33/ Tambaye shi ina kasuwa take, ina masallacin Juma'a, wace unguwa ce tasu, wane irin shinkafa suke shukawa, wa ya rasa a rikicin. Ka nemi izininsa kafin ka ɗauka, kuma in ya ce kar a yaɗa, ka ajiye wa zuri'a. Wasu har yau ba sa son tuna ranar, a girmama hakan.

34/ Masu mulki kuma, na yanzu da masu zuwa: duk ranar da za ku taɓa kasuwa, ko filin idi, ko tsohuwar ƙofa, ko bakin dam da sunan zamanantarwa, ku fara zama da masu wurin. Ku ɗauki hoto, ku ajiye tarihi, ku biya haƙƙi kafin injin ya tashi. Bakalori ya riga ya nuna mana kuɗin rashin yin haka.

35/ Allah Ya jiƙan manoman da suka rasu a 1980, Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya. Duk mai tsohon hoton Maradun ko na famfunan feshi, don Allah ya ajiye mana a ƙarƙashin zaren nan. Ku tura wa 'yan gida su gani. 🤲🏾