Ibro Aloko: Wa Ke da Iko da Ma'anar Barkwanci?

A watan Oktoba na 2008, kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke wa Rabilu Musa Ɗan Ibro hukuncin ɗaurin wata 2. Tuhumar da ke rubuce ita ce gudanar da kamfani ba rajista da kuma rawar da aka ce ta saɓa wa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko. Amma a bakin jama'a, dalilin shi ne waƙar "Mamar", wadda 'yan gari suka mayar habaici ga irin yadin da Gwamna Ibrahim Shekarau ke sawa.

Wannan maƙala na ganin cewa an hukunta ɗan wasa ne kan ma'anar da masu kallo suka ɗora wa aikinsa. Da zarar barkwanci ya shiga kasuwa, ya fita daga hannun mai shi. Matasan da ke tura wa juna fina-finan Ibro ta waya a Damba ko Tsafe ko Bungudu, kowa na dariya ne da abin da ke damunsa, ba da abin da marubucin fim ya nufa ba.

Dole a yi wa hukumar adalci. Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi ragamarta a 2007, lokacin da jama'a ke cike da fushi kan 'yan fim, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a 1999, tarbiyya ta zama ma'aunin kowace sana'ar nishaɗi a Arewa. Iyaye na da hakkin su damu.

Sai dai al'adarmu ta daɗe da ware wa mai ban dariya gurbi. Wawan sarki na faɗar abin da waziri ke shakkar furtawa, 'yan kama na kwaikwayon malamai, yara na tashe da azumi, ba wanda aka kai gidan yari. Ibro magajinsu ne, kuma wannan gadon ya riƙe har rasuwarsa a Disambar 2014. Hukumomin tacewa su gyara fim tun kafin ya fita, su bar ɗaure ɗan wasa saboda dariyar jama'a.