Makulli a Hannu, Takunkumi a Baki

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun da ta fi ɓaci, ta Buruku da Udawa, ya san ba hanyar da ake bi don marmari ba ce. Dazukan yankin, daga Kamuku har wajajen Kusasu, sun zama mafakar masu garkuwa da mutane. Malamin makarantar da aka tura can yana da ƙungiyar da zai kai wa kuka. Ma'aikacin asibiti yana da tasa, direban haya ma haka. Gandiroba kuwa, wanda aikinsa ya haɗa da rakiyar fursuna zuwa kotu a kan irin wannan hanya, doka ce da kanta ta hana shi ƙungiya. Abin yana da asali.

Tun kafin zuwan Turawa akwai gidan yari a biranen ƙasar Hausa, sunan ma daga sarautar Yari ya fito, bafaden da sarki ya damƙa wa tsaron ɗaurarru. Da Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903 bai rushe tsarin ba, ya ga ya fi masa araha ya bar wa sarakuna alƙalansu da dogaransu da kurkukunsu. Sai aka wayi gari da gidajen yari iri biyu: na gwamnati, kamar na Kaduna da aka gina a 1915, da na En'e, kamar na Kurmawa a Kano. Kalmar gandiroba kanta daga bakin Bature aka aro ta, ma'anarta mai kora ayarin fursunoni zuwa wurin aiki. Kuma aikin ke nan: a fito da su da safe su share kasuwa, su yi faskare, su kwashe bahaya, a mayar da su da yamma a ƙirga.

A 1938 aka yi dokar da ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago, a 1945 kuma su Michael Imoudu suka tsayar da ƙasar cik da yajin aikin da ya wuce kwana arba'in. Wannan guguwa ta ma'aikatan reluwe ce da na gidan waya. Gandiroban En'e yaron sarki ne, kokensa ta bakin Yari yake bi, in ya isa fada ya isa. Wa zai yi wa sarki yaji? Da siyasa ta yi zafi a shekarun 1950, gandiroban ne ya riƙa turo ƙofa a kan 'yan NEPU da kotunan alƙalai ke ɗaurewa, irin su Gambo Sawaba. Baƙin jinin da ya kwasa a lokacin bai gama wankewa ba har yau, alhali ba shi ya yanke hukuncin ba.

Wannan amfani da kurkuku wajen cin zarafin 'yan hamayya yana cikin dalilan da suka sa sojoji, bayan juyin mulkin 1966, suka kafa kwamitin Yusuf Gobir, wanda ya ba da shawarar a karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Ran 1 ga Afrilu 1968 gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen yarin, a 1972 kuma dokar soja mai lamba 9 ta tsara hukumar. Gandiroba ya samu kaki iri ɗaya daga Legas har Sakkwato, da igiya a kafaɗa, da fansho, da makarantar horo a Kaduna. Ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai da hannun dama aka ba shi, aka karɓe wani abu da na hagu. Sashe na 11 na dokar ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ta samo tushe daga dokar soja ta 1973, ya jera waɗanda ba su da izinin kafa ƙungiya ko shiga wata: soja, 'yan sanda, kwastan, jami'an shige da fice, ma'aikatan gidan yari, har da na Babban Banki da na kamfanin buga kuɗi. Abin da aka bar musu shi ne kwamitin tuntuɓa a cikin gida, inda kurtu zai zauna gaban wanda ke rubuta masa takardar ƙarin girma ya ce wai yana da ƙorafi.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, in gandiroba ya tafi yaji wa zai riƙe ƙofa? Ta kuma ga abin da ya faru a Fabrairun 2002, lokacin da ƙananan 'yan sanda suka ajiye aiki ba tare da wata halattacciyar ƙungiya ba, har aka fito da soja, wata guda bayan nan Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa. Ni kuwa darasin da na gani a nan daban ne: rashin ƙungiya bai hana yajin ba, ya dai hana a san da wa za a zauna. Ƙungiya daban, yaji daban. A Ingila gandirobobi suna da ƙungiya tun 1939, dokar 1994 ta hana su yajin aiki amma ba ta rufe musu baki ba. A Afirka ta Kudu 'yan sanda da gandirobobi sun kafa POPCRU a 1989, cikin tsakiyar mulkin wariya. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1960, wadda soja da ɗan sanda kawai ta bari a keɓe, kuma masanan ƙungiyar sun sha neman a gyara sashe na 11. Shiru kake ji.

A cikin wannan shiru aikin ya sauya kama. Ran 7 ga Satumba 2010 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauci, fursunoni 721 suka fice. Koton Karfe ta biyo baya a 2012, Owerri da Jos a 2021, sannan Kuje ran 5 ga Yuli 2022, inda sama da 800 suka tsere a gefen babban birnin ƙasa. A Agustan 2025, da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama shugabanni biyu na Ansaru, ƙungiyar da ta daɗe da kafa sansani a dajin Birnin Gwari, ya ambaci harin Kuje cikin laifuffukan da ake zarginsu da su. Wani lokacin ma ba a buƙatar mahara: a Afrilun 2024 ruwan sama ne ya kayar da tsohuwar katangar Suleja, sama da mutum ɗari suka fita. Bayan kowane fashi a kan kafa kwamiti, a kan dakatar da jami'ai. Wanda ya kwana yana kallon tsagar katangar, yana shaƙar iska ɗaya da mai tarin fuka a ɗakin da ya cika ya batse da masu jiran shari'a, ba shi da wakilin da zai ce ya faɗa tun farko.

A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da sunan gidajen gyaran hali. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon gina nasu gidajen, wato an ɗan juyo kan hanyar da aka baro a 1968. Sashe na 11 yana nan inda yake.

A Disamban 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya bayyana gaban kwamitin majalisar dattawa, inda ta fito fili cewa naira 750 ake kashe wa fursuna a abincin yini, karen tsaro kuwa 800. Jaridu suka yi ta yayatawa. Wanda ya jagoranci zaman yana ta jefo tambayoyi shi ne Adams Oshiomhole, tsohon shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, mutumin da ya sha tsayar da Nijeriya a kan kuɗin fetur. An yi maganar fursuna, an yi ta kare. Mai miƙa kwanon gabzar ta ƙofar ɗaki yana bakin aikinsa a ranar, da makulli a hannu.