Yadda Aka Shata Hanyar Masu Ziyara a Birnin Shi'an

Duk baƙon da ya sauka a birnin Shi'an, hedkwatar lardin Shaanxi ta ƙasar Sin, ya kuma ba da kansa ga kamfanin yawon buɗe ido, da wuya hanyarsa ta saɓa wa ta waɗanda suka gabace shi: da sassafe a sa shi a mota a nufi gabas da shi zuwa Lintong, tafiyar kamar kilomita 40, domin ya ga rundunar mayaƙan yumɓu, da rana a komo da shi ya hau ganuwa, a kai shi gindin hasumiyar mabiya addinin Buddha, sa'an nan kafin magariba a ratsa da shi unguwar Musulmi zuwa Babban Masallaci, ja-gora yana gaba riƙe da 'yar tuta a kan sanda, yana ta ambaton dauloli 13 da aka ce sun yi sarauta a wannan wuri. Mai sauraro zai zaci birni guda ake nuna masa, alhali kuwa gutsattsarin birane ne dabam-dabam, tsakanin na farkonsu da na ƙarshensu akwai fiye da shekara 1,500, kuma ɗinke su wuri guda har su zama tafiyar yini ɗaya aiki ne na ƙarni na 20.

Dalilin da ya sa sarakuna suka yi ta komowa wannan kwari na kogin Wei ba ɓoyayye ba ne, gama ƙasa ce mai albarkar noma wadda duwatsu suka kewaye, ba a shigarta sai ta 'yan mashigai da ƙaramar runduna za ta iya tsarewa. A nan kusa, a Xianyang, Qin Shi Huang ya zauna sa'ad da ya gama cinye sauran masarautu ya haɗa Sin ƙarƙashin tuta ɗaya a shekara ta 221 kafin Miladiyya. A nan kuma daular Han ta kafa alƙaryarta ta sa mata suna Chang'an, daga cikinta aka aiki manzo Zhang Qian zuwa ƙasashen yamma a 138 kafin Miladiyya, tafiyar da masana tarihi ke jingina buɗuwar hanyar fataken siliki gare ta. Amma birnin da ja-gora yake nufi idan ya cika baki da girman Chang'an, shi ne wanda magini Yuwen Kai ya shata wa sarkin daular Sui a shekara ta 582, daular Tang ta gāje shi a 618, ta zauna cikinsa kusan shekara 300.

An shata shi da kusurwa huɗu, kusan kilomita 10 daga gabas zuwa yamma, kusan 9 daga kudu zuwa arewa, fada tana can arewa tana fuskantar kudu, wani titi mai faɗin kimanin mita 150 ya tsaga garin biyu. Aka kuma kasa shi unguwa-unguwa har fiye da 100, kowace da katangarta da ƙofofinta. Idan rana ta faɗi sai a kaɗa tambura a rufe ƙofofin, wanda duk dogarai suka tsinta a kan titi bayan haka ba tare da uzuri ba, bulala ce rabonsa. Kasuwanni biyu ne manya, ta gabas da ta yamma, ba sa ci sai rana ta take tsaka, kuma ta yamma ita ce matattarar baƙi, Farisawa da Turkawa da fataken Samarƙandi da Bukhara. Littattafan daular sun rubuta isowar jakadun Larabawa a 651, watau zamanin halifancin Sayyidina Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda. Gabaninsu, a 635, wani malamin Nasara mai suna Alopen ya iso daga yamma aka karɓe shi. A 645 kuma Xuanzang, wani malamin addinin Buddha, ya komo daga Indiya bayan shekaru masu yawa na neman ilimin addininsa, ɗauke da ɗaruruwan littattafai, aka gina masa hasumiyar tubali a 652 domin a adana su, ita ce wadda ake kai baƙi gindinta yau.

To, wannan birni babu shi. Tawayen An Lushan ya ci shi a 756, na Huang Chao ya sake cin sa a 881, sa'an nan a 904 wani janar mai suna Zhu Wen ya tilasta wa sarki ƙaura zuwa Luoyang, ya sa aka kwance fadoji da gidaje, aka zuba katakonsu a kogin Wei ruwa ya tafi da su gabas. Tun da yake kuwa ginin Sinawa ginshiƙansa na itace ne, abin da ya rage a tsaye bai wuce hasumiyoyin tubali ba. Sai da daular Ming ta zo ta sa wa garin sunan da yake amsawa yau a 1369, ta kuma kewaye shi da ganuwa tsakanin 1370 da 1378, tsawon kewayenta kilomita 13.7, tsayinta mita 12, faɗin samanta ya kai mita 12 zuwa 14. Bakano da ya san badala zai gane asalin aikin, domin jikinta ƙasa ce da aka daddaɓe, sai a 1568 aka suturta ta da tubali. Abin lura shi ne duk girman da baƙo ke gani daga kan wannan ganuwa bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na birnin Tang ba, shi ya sa hasumiyar Xuanzang, wadda a zamaninta tana cikin gari, yanzu sai an fita ƙofar kudu an yi 'yar tafiya kafin a isa gare ta.

Ƙarnoni suka shuɗe Shi'an tana matsayin garin lardi mai nisa da ƙura, masu zuwa ziyara kuwa galibinsu almajiran ilimi ne da ma'aikatan sarki, kuma abin da ke kawo su shi ne taskar allunan dutse da aka fara tarawa a 1087, inda aka sassaƙa littattafan hikimar Sinawa da rubutun mashahuran marubuta. Mutum zai jiƙa takarda ya shimfiɗa a kan dutsen, ya bubbuga ta da buroshi har ta shiga kowane lungu na harafi, ya jira ta sha iska, sa'an nan ya dangwala tawada da ƙunshin tsumma, sai rubutun ya fito fari a cikin baƙi, ya naɗe ya tafi da shi gida. Har yau ana yin wannan a gaban baƙi a sayar musu. Layin dogo ne ya fara sauya al'amarin, da jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen 1934, kamfanin tafiye-tafiye na farko na Sinawa, wanda ma'aikacin banki Chen Guangfu ya assasa a Shanghai a 1923, ya buɗe masauki na zamani a garin. Ba a jima ba, a Disamba 1936, janar Zhang Xueliang da Yang Hucheng suka kama shugabansu Chiang Kai-shek a wurin wankan ruwan zafi na Huaqing domin su tilasta masa ya bar yaƙar 'yan gurguzu ya fuskanci Japan, kuma ramukan harsashin wannan asuba suna cikin abin da ake nunawa yau a hanyar Lintong.

Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949, baƙo ba ya shiga Sin da ra'ayin kansa. An kafa kamfanin gwamnati mai kula da baƙi na ƙasashen waje a 1954, masu zuwa kuwa tawagogi ne na ƙasashe aminai, ja-goransu tafinta ne kuma ma'aikacin hukuma, abin da ake son su gani masana'antu ne da gonakin gama-kai, kayan sarakunan dā kuwa ana ƙirga su cikin alamun zalunci. A wannan yanayi aka rushe ganuwar Beijin, ta Shi'an ma a ƙarshen shekarun 1950 an yanke shawarar rushe ta har an fara kwasar tubalinta, sai wasu masana suka kai kuka, mataimakin firayim minista Xi Zhongxun, ɗan lardin ne kuma mahaifin shugaban Sin na yanzu, ya sa baki, aka sanya ta cikin kayan tarihin da doka ta kare a 1961.

Sai kuma al'amarin rijiya. A watan Maris na 1974, ana cikin fari, wasu manoma na ƙauyen Xiyang suna haƙa rijiya kamar kilomita ɗaya da rabi gabas da tudun kabarin Qin Shi Huang, sai suka fara tono gutsattsarin gasasshen yumɓu, da wani kai irin na mutum, da kawunan kibau na tagulla, waɗanda wasu suka kwasa suka sayar a kan sikeli kamar tarkacen ƙarfe. Babu wanda yake tsammanin komai a wurin, domin Sima Qian, shaihin masu tarihin Sin, wanda ya ba da labarin ma'aikata 700,000 da aka tara don ginin kabarin da kogunan zaiba da aka gudanar a cikinsa, bai ambaci wata runduna ba ko da kalma ɗaya. Wani ma'aikacin adana kayan tarihi na gundumar, Zhao Kangmin, shi ya tattara gutsattsarin ya harhaɗa har mutum ya miƙe a gabansa. A Yuli aka turo masana ƙarƙashin Yuan Zhongyi, suna zaton aikin 'yan kwanaki ne, sai ga rami mai tsawon mita 230 da faɗin 62, a 1976 aka sami na biyu da na uku, aka ƙiyasta mayaƙa kimanin 8,000 da dawakai da karusai. Rijiyar ta faɗa ne a can gefen kusurwar ramin farko, da sun gusa kaɗan da sun wuce shi, kuma an kafa alama a wurin.

Wanda ya tsaya a bakin ramin ya ga sahu-sahu na mayaƙa a tsaye, kowane da kamanninsa da irin ɗaurin gashinsa, ya kamata ya san ba haka aka tarar da su ba. Rufin katako ya ƙone ya rufta a kansu tun zamanin dā, kusan duka a farfashe aka tono su, kuma a ƙarshen ramin akwai wurin da masu gyara ke zaune suna gwada gutsure da gutsure, mutum ɗaya yakan ci watanni. Launin toka da ake gani ma ba nasu ba ne na asali, an yi musu fenti ja da kore da shunayya a bisa wani daskararren ƙaro, wanda da zarar ya sha iska sai ya nannaɗe ya zube cikin 'yan mintoci. Wannan hasara tana cikin hujjojin da suka sa har yau ba a buɗe kabarin sarkin kansa ba, kuma a ganina sun yi daidai.

An buɗe gidan tarihin rundunar ranar 1 ga Oktoba 1979, daidai lokacin da jagoran Sin Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar ƙasar yana kuma faɗa a fili cewa yawon buɗe ido hanya ce ta samun kuɗin waje cikin sauri. Manyan baƙi suka share fage: Lee Kuan Yew na Singafo a 1976, Jacques Chirac na Faransa a 1978, wanda ake jingina masa laƙabin abin al'ajabi na takwas a duniya da ja-gorori ba sa gajiya da maimaitawa, Reagan na Amurka a 1984, Sarauniyar Ingila a 1986, hukumar UNESCO kuma ta sa wurin cikin gadon duniya a 1987. Da baƙi suka yawaita sai aka waiwayi sauran kayan gari domin kada mutum ya zo don abu ɗaya ya juya. Aka fara gyaran ganuwa da yashe gwalalonta a 1983, ba a kuwa gama haɗe giɓin da ke wajen tashar jirgin ƙasa ba sai a farkon wannan ƙarni. Aikin ja-gora ya zama sana'a mai jarrabawa da lasisi tun ƙarshen shekarun 1980, ya kuma zo da nasa aibin, watau tsayar da mota a kantin mutum-mutumin kwaikwayo ko na duwatsun ado inda ake ba shi la'ada, al'adar da ta yi ƙamari har dokar 2013 ta haramta tilasta wa baƙo sayayya. Tun da aka ƙirƙiro dogayen hutun mako guda a 1999, mafi yawan masu bin tutar Sinawa ne da kansu, kuma domin su aka gina sababbin fadoji da lambuna da siffar zamanin Tang, kamar wanda aka buɗe a 2005 kusa da hasumiyar, gini mai kyau da fitilu, amma siminti ne, kuma ba kowane ja-gora ke damuwa ya bambance wa mutanensa tsoho da sabo ba.

Zangon ƙarshe na yinin kuwa bai taɓa zama kufai ba balle a tono shi. Babban Masallaci na lungun Huajue, wani allon dutse a cikinsa yana kai asalinsa ga shekara ta 742, ko da yake ginin da ke tsaye na farkon zamanin Ming ne. An jera farfajiyoyinsa daga gabas zuwa yamma, saɓanin al'adar ginin Sinawa, domin alƙibla a can tana yamma, hasumiyarsa soro ne mai hawa uku da kusurwa takwas, ɗakin salla yana ɗaukar mutum 1,000, an kuma sassaƙa Alƙur'ani mai girma a allunan katako an jera a bangonsa. A wannan unguwa ne Zheng He, shugaban rundunar jiragen ruwan Ming, ya zo a 1413 neman mai jin Larabci, ya tafi da wani liman mai suna Hasan. Jama'ar Hui, watau Musulmin Sinawa, suna nan kewaye da masallacin suna salloli biyar, baƙon da ba Musulmi ba yana sayen tikiti ya zaga farfajiya amma iyakarsa bakin ƙofar ɗakin salla; daga nan ja-gora yakan naɗe tutarsa ya saki mutanensa cikin kasuwar unguwar, inda za a miƙa wa kowa kwano da gurasa mai tauri ya marmasa da hannunsa ƙanana-ƙanana, a karɓa a kai wa mai dafuwa ya zuba romon naman rago a kai.