Daga Huhun Goro Zuwa Jan Layi: Zamanmu Da Jirgin Ƙasa a Agege

Duk wanda aka haifa a Zangon Agege, kukan jirgi na cikin abubuwan da kunnensa ya fara sani. Mu da muka tashi a bakin dogo, ko agogo ba mu cika nema ba. Jirgin safe ya wuce, ka san lokacin makarantar allo ya yi. Na yamma ya yi jiniya, iyaye mata su ɗora sanwa. Ni dai har yau, da furfurata, in aka wayi gari ba ni da wata hidima, sai in ɗauki katina in je in hau jirgi, ba don ina da wurin zuwa ba. Abokaina na majalisa suna min dariya, wai Malam ya koma yaro. To bari in faɗa muku abin da nake gani ta tagar nan, wataƙila dariyar ta ragu.

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896. Ya ratsa ta Ebute Metta, ya bi ta nan Agege, ya wuce Abekuta, ya isa Badun a 1901. A shekarar ce kuma aka buɗe gadar Carter, wadda ta haɗa Iddo da tsibirin Legas. Daga Badun aka ci gaba da turawa arewa, har ya kai Jebba a 1909. A can Arewa kuwa wani layin ne daban aka taso da shi daga Baro, bakin kogin Kwara, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe biyun suka zama abu guda. Da fari ma babu gada a Jebba, sai dai a ɗora taragai a jirgin ruwa a tsallaka da su, kafin daga baya a kammala gadar.

Bature bai yi wannan aiki don kakanninmu ba, a faɗi gaskiya. Gyaɗa yake so, da auduga, da fatu, da kuzar Jos, a kai masa bakin teku. Amma hanya in an buɗe ta, ba ta tambayar wa zai bi. Tafiyar da fatake ke yi da jakuna wata da watanni ta dawo ta 'yan kwanaki, mil kusan 700 tsakanin Kano da Ikko. Shanun da ake korowa a ƙafa, su rame, wasu su mutu a hanya saboda ƙudan tsando, sai ga su a tarago.

Sai kuma goro, wanda shi ne uban tafiyar. Kafin zuwan jirgi, goron da Bahaushe ke ci daga Gwanja ake ɗauko shi, ƙasar Gana ta yau. A farkon ƙarni na 20 manoman wannan yanki, waɗanda suka yi suna da noman koko, suka shiga dashen irin goron da Arewa ke so. Goro kuwa ɗan lallaɓa ne: in ya daɗe a hanya ya bushe ko ƙwaro ya shige shi, uwar kuɗi ta tafi. Ga gona, ga tasha a kusa, ga masu saye a Kano da Sakkwato da Barno. Abin da ya rage shi ne wanda ya san kan goro, ya iya zaɓe, ya iya ɗaurin huhu da ganye, kuma yana da amintacce a can gida da zai karɓa. Wannan gurbi Bahaushe ya cike. Haka zango ya kafu: maigida mai saukar baƙi, dillali, 'yan dako, mahauta, mai tuwo, malami da almajiransa, sannan masallaci da sarki. Irin wannan ne ya faru a Sabon Badun, wanda aka kafa a 1916.

Kakana ya sha ba mu labarin saukarsa a tashar Agege yana saurayi, da tabarma da buta, fuska duk baƙin hayaƙin kwal, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Yarbanci. Ya ce ya zo ne ya yi kaka ɗaya ya koma. A nan aka binne shi. Na tabbata gidaje da yawa a unguwar nan suna da irin wannan labari.

Abin da da yawa ba su sani ba, jirgin cikin gari ba baƙo ba ne a Legas. Tun 1902 akwai wani ɗan ƙaramin jirgi mai tururi da ke tashi daga Iddo, ya hau gadar Carter, ya shiga cikin tsibiri yana sauke mutane. Ya yi shekaru yana aiki kafin a tsayar da shi. Reluwe kuma ita ce babbar ma'aikata a ƙasar nan a wancan zamani. Ma'aikatanta ne, da jagoransu Michael Imoudu, suka zama ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, wanda ya haura wata guda ya girgiza gwamnatin Turawa. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya.

Bayan samun 'yanci, sannu a hankali tirela ta ƙwace goro da shanu daga hannun jirgi. Kwalta ta yawaita, dogo ya tsufa, gyara ya yi ƙaranci. Garin kuwa sai cika yake yi yana batsewa. A nan ne Gwamna Lateef Jakande ya zo da shirin jirgin zamani na cikin gari, wanda aka aza harsashinsa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kuma tsara zai taso daga Marina ya biyo ta Yaba ya iso har Agege. Ina matashi a lokacin, na tuna yadda ake zancen a teburin mai shayi kamar gobe za a hau. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki, a 1985 aka soke aikin. Shekara 40 cif muka jira daga aza harsashin nan kafin a hau jirgin irinsa a Legas. Shekarun nan a cikin molue muka yi su, a tsaye, ana gumi, mai tallan magani na ihu a kanka.

Ba wai jirgi ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya ba ne. Akwai na fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Iddo da Ijoko ta jihar Ogun, safe da yamma. Wanda ya hau shi ba zai manta ba. Ciki maƙil, ƙofa maƙil, samari a kan rufi kamar buhunan albasa. Arha ce ta sa, da gudun gosulo. Na hau shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma ina son sa duk da wahalarsa, domin a cikinsa ne za ka ga Legas ɗin gaskiya: ma'aikaci da taye, mai kifi da kwandonta, fasto na wa'azi, Bahaushe na jan carbi. Amma ba zan ɓoye ba, ya ci rayuka. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, daga cikin yaran da suka zo cirani.

A 2021 aka buɗe sabon dogo mai faɗi daga Legas zuwa Badun, aka gina mana sabuwar tasha a Agege. Tsohon dogon faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, sabon kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, shi ya sa taragon wannan ba ya hawa kan wancan, shi ya sa kuma sabon ya fi gudu da natsuwa. Ranar 4 ga Satumba 2023 Shuɗin Layi, wato Blue Line, ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, tasha 5. Sai namu, Jan Layi, Red Line, wanda aka ƙaddamar ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara jigilar jama'a a watan Oktoba na shekarar. Kilomita 27 ne, tasha 8: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Ku lura da kyau, hanyar da yake bi ita ce dai wadda aka share tun 1896. Inda huhun goron kakanninmu ya bi, nan muke bi yau a zaune cikin sanyin na'ura.

Kwanaki na ɗauki jikana ɗan shekara 9 muka yi zagaye. Muka shiga da katin Cowry, muka samu kujerar taga. Da muka zo Oshodi na nuna masa ƙasa, motoci a jere ba motsi, mu kuwa muna wucewa kamar iska. A Oyingbo muka sauka, muka taka zuwa Ebute Metta, na kai shi harabar reluwe inda akwai tsohon gida da ake kira Jaekel House, wanda aka mayar ɗan gidan tarihi, da tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi. Daga nan muka hau danfo zuwa Marina, muka shiga Shuɗin Layi. Wannan kam a sama yake tafiya, ya tsallaka ruwa, ga jiragen ruwa ta can, ga babban gidan wasan ƙasa na Iganmu mai kama da hular soja. Yaron ya manne da gilashi ya ce, "Kaka, ashe Legas tana da kyau haka?" Na ce, "Tana da shi mana, ɗan nan, gosulo ne ya hana ka gani." Na laluba aljihu zan ɓare goro, ya riƙe min hannu: "Kaka, ba a ci a ciki fa." Na mayar. Goron da ya kawo mu garin, yau shi ne ba a ci a jirgi!

To, jama'a, ba don nishaɗi kawai na kawo wannan tarihi ba. Abu uku nake so mu riƙe.

Na farko, rai. Sabon jirgi ba irin na da ba ne da za ka ji ƙugi tun daga nesa ka kwashe tirenka. Yana da sauri, ba ya kuma tsayawa nan take ko direba ya taka birki. A Shuɗin Layi ma wutar a jikin dogon take, taka shi ajali ne. Ba mu manta da watan Maris na 2023 ba, da jirgi ya yi karo da bas ɗin ma'aikata a mahaɗar PWD ta Ikeja, aka rasa rayuka. Masu acaba, masu tura baro, masu shanya kaya a bakin dogo, da almajiranmu da ke tsallake shinge don taƙaita hanya, don Allah a bi ta gada. Limamai da malaman tsangaya, wannan magana taku ce, ku riƙa faɗa.

Na biyu, muhalli. Duk inda tasha ta zamani ta sauka, ƙasa na tsada, haya na tashi, masu kuɗi na zuwa da tayi. Mun ga rumfuna da gidajen da faɗaɗa dogo ya ci. Wanda ke da takarda ya samu bakin magana, wanda ba shi da ita sai haƙuri. Gidajen gado da yawa a Zango har yau ba su da cikakkun takardu, magada sun watsu, kowa na jiran wani. A zauna a gyara tun kafin ranar da za a nema.

Na uku, mu san kanmu. In wani ya ce maka baƙo, ba faɗa za ka yi ba. Ka gaya masa da ladabi cewa zangon nan da tashar nan tare suka girma, kuma iyayenmu da Yarbawa masu gonakin goro sun yi ciniki bisa amana fiye da shekara 100, har da auratayya. Amma ba za ka iya faɗa ba sai ka sani. Dattawan da suka ga jirgin kwal da idonsu saura kaɗan. Ku je ku zauna da su, ku ɗauki muryarsu a waya, ku nemi tsofaffin hotuna da rasiɗan goro da ke cikin adaka kafin gara ta riga ku.

Ranar da kuka samu sarari kuma, ku ɗauki yara ku hau, ko daga nan zuwa Yaba ne ku dawo. Ku zauna ta taga, ku nuna musu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sauka a tashar nan da tabarma da buta, Ya kiyaye mu da zuriyarmu a hanya, Ya zaunar da unguwarmu lafiya. Amin.