Strange: littafin da aka yi wa aski kafin ya iso hannunmu

Kwanan baya na ƙwace wani littafin zane daga hannun wani ɗalibina, yana karatunsa ƙarƙashin tebur ana tsakiyar darasin lissafi. Da na duba, sai na ga Spider-Man ne, labaran shekarun 1960 da aka sake bugawa cikin bango mai kauri. Dariya ta kusa kuɓuce mini, don ni ma mushenmu ya taɓa ƙwace mini irinsa. Namu sunansa Strange, muna samun tsofaffinsa wurin masu baza littattafai a ƙasa bakin kasuwa, galibi bangon ma ya fita.

A lokacin mun ɗauka abin da aka zana a Amurka ne muke gani. Ashe an yi masa aski a hanya.

Asalin labaran na kamfanin Marvel ne. Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Fantastic Four a 1961, sannan Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man a 1962. Takarda ce mai arha, a karanta a yar. Tun 1964 Marvel da kansa ya soma sake buga tsofaffin a cikin Marvel Tales, saboda yaran da suka makara.

Wanda ya kawo su cikin faransanci shi ne Lug, wani gidan ɗab'i na birnin Lyon da aka kafa a 1950, wanda kuma shi ne mai Zembla da Blek da yayyenmu suka sani. A 1969 ya fitar da mujallar Fantask. To amma Faransa tana da dokar 16 ga Yuli 1949 kan littattafan yara, da kwamitin da ke sa ido a kansu. Kwamitin ya ga dodanni da doke-doke da kaloli masu ɗaukar ido, ya ja kunne. Fantask ta mutu bayan fitowa 7. A 1970 Lug ya sake gwadawa da mujallu biyu, Strange a watan Janairu, Marvel a watan Afrilu. A 1971 aka hana sayar wa yara Marvel, ta tsaya a lamba 13.

Strange ta tsira ne da dabara. Lug ya sa masu zanensa su bi shafukan kafin a buga: su goge manyan haruffan ƙarar naushi, su rage layukan da ke nuna ƙarfin bugu, su gyara fuskar dodo ta daina ban tsoro. Wani lokacin a cire hoto ɗungurungum. Shi ya sa sai ka ga mutum ya faɗi warwas ba ka ga abin da ya buge shi ba. Mu kam mun zaci faransancinmu ne bai kai ba! Da haka mujallar ta rayu har 1998.

Yau da nake malami kuma uba, ban ga laifin a duba abin da za a ba yara ba. Abin da bai kwanta mini ba shi ne, ba a rubuta ko'ina cewa an taɓa zanen ba. Kuma duk da askin, Strange ta koya wa da yawanmu faransancin da littafin lakwal bai koya mana ba, don babu mai tilasta maka, kai ne ke son sanin yadda faɗan zai ƙare.

Na ɗalibina bugun Panini ne, kamfanin da ke riƙe da Marvel a Faransa yanzu. A bugun nan zanen ya koma yadda Ditko ya yi shi, har da ƙarar naushin. Kawunsa ya aiko masa daga waje, don ba kuɗin ɗan lakwal ba ne. Na ce masa ya zo ranar Juma'a ya amsa. Kwana ukun nan a gidana littafin ya yi, ina neman hotunan da aka hana mu gani.