Daga Disfensaren En'e Zuwa Kwalejin Jinya: Tarihin Aikin Nas a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Aikin jinya irin na asibiti bai daɗe da zuwa kudancin ƙasar Katsina ba. Kafin zuwan Turawa, kuma har bayan zuwansu da shekaru masu yawa, kula da marar lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa rabe yake tsakanin masu sana'o'in gado. Wanzami shi ke ƙaho da cire beli da kaciya, maɗori na gyaran karaya da targaɗe, ungozoma na yanke cibi da wankan jego. Zama kusa da majinyaci kuwa, da ba shi kunu da juya shi a kan shimfiɗa, hakkin dangi ne, galibi mata, ba wanda ke karɓar albashi a kai.

Asibitocin farko da gwamnatin mulkin mallaka ta gina a Arewa domin sojojinta da ma'aikatanta ne. Daga baya hukumomin En'e suka fara buɗe ƙananan disfensare a garuruwan hakimai, inda mutum ɗaya, wanda jama'a ke kira malamin asibiti, yake wanke gyambo, ya yi allura, ya ba da maganin zazzaɓi. Kusan dukkansu maza ne. 'Yan mishan ma sun taka rawa: asibitin Wusasa kusa da Zariya ya horar da masu jinya, kuma a Babbar Ruga, bayan garin Katsina, aka buɗe wurin jinyar kutare. Ta fuskar doka, an kafa hukumar kula da ungozomomi ta Nijeriya a 1930, ta ma'aikatan jinya kuma a 1947. Makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan ta buɗe a 1952, Jami'ar Ibadan ta fara digirin jinya a 1965. A 1979 aka haɗe hukumomin biyu suka zama Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi ta Nijeriya, wadda har yau ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi.

Duk wannan ci gaba ya bar babban giɓi a karkara, kuma giɓin na mata ne. Yarinyar da ba ta gama firamare ba ba za ta shiga makarantar jinya ba, kuma a waɗannan garuruwa 'yan mata kaɗan ne suka wuce firamare a wancan zamani. Iyaye da yawa na ganin aikin bai dace da 'yar mutunci ba, saboda kwanan asibiti da taɓa jikin maza da kuma tufar aiki da ba ta rufe jiki yadda ake so. Sai abin ya juyo kan matan kansu. Magidanci ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa, ita ma matar kunya ba ta barin ta, asibitin kuma babu mace. A haka mai naƙuda kan kwana biyu ko uku a ɗaki kafin a nemi mota. Wadda ta tsira da ranta, sau da yawa takan tashi da ciwon yoyon fitsari. Dubban matan da aka yi wa aiki a Babbar Ruga tun daga 1984, lokacin da likita ɗan ƙasar Holan Kees Waaldijk ya fara ɗinkin wannan ciwo a can, shaida ce ta abin da rashin ungozoma mai horo ya jawo wa ƙauyukan Arewa.

Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumban 1987, makarantar jinya da ke Katsina da makarantar ungozoma ta Malumfashi suka zama ginshiƙan horarwa na jihar, tare da makarantun fasahar lafiya na Kankiya da Daura masu yaye ma'aikatan lafiya na matakin farko. Ga mutanen Ƙanƙara, Malumfashi maƙwabciya ce. Na Faskari da Sabuwa kuwa Funtuwa suka fi dogara da ita idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida. A 2009 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara. Shirin ya taimaka, amma ya nuna wani abu da ya kamata a ce an gane tun farko: baƙuwar da aka kawo daga nesa, ba ta da dangi a garin, wani lokaci ko Hausa ba ta ji, ba ta cika daɗewa ba. Wannan ne ya sa shirin Mata Don Lafiya, wanda Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Katsina da Kano da Jigawa da Yobe da Zamfara, ya ɗauki wata hanya. An riƙa zaɓo 'yan matan ƙauye, har da matan aure, da yardar iyaye da mazaje da masu gari, a ba su shekarar share fage su gyara sakamakon sakandare, su shiga makarantar jinya ko ta ungozoma bisa alkawarin komawa garinsu su yi aiki. Cikin duk dabarun da aka gwada, wannan ce ta fi taɓa tushen matsalar.

Mai son shiga aikin a yau sai ya samu kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. A tsohon tsari karatun jinya shekara uku ne, watanni shidan farko kuma su ne matata, domin wanda ya faɗi jarrabawarsu gida yake komawa. Yanzu kwalejoji na komawa tsarin babbar difloma, a jami'a kuwa digirin shekara biyar ne.

Aikin kansa karɓa-karɓa ne: safe, rana, dare. Nas ce ke gwada zafin jiki da hawan jini, ta ba da magani a kan lokaci, ta sa ƙarin ruwa, ta wanke rauni, ta rubuta komai a fayil domin mai karɓar ta. A babban asibiti likita na zagayawa ya wuce, ita ke kwana da majinyaci. A ƙaramin asibitin ƙauye ma likitan babu shi, don haka ita za ta gane cewa wannan jijjiga ko wannan zubar jini ya wuce ƙarfinta, ta tura mai ita gaba tun da sauran lokaci. Shekara tana da nata zagayen: damina ta zazzaɓin cizon sauro ce da amai da gudawa da tamowa, bazara kuma ta ƙyanda da sanƙarau, irin wanda ya kashe dubban mutane a Arewa a 1996.

Shekarun nan sun ƙara wa aikin nauyi biyu. Na farko shi ne rashin tsaro: ƙananan hukumomin uku suna cikin waɗanda ta'addancin 'yan bindiga ya fi shafa, Faskari a iyakar Zamfara, Sabuwa a iyakar Kaduna, Ƙanƙara kuma duniya ta san sunanta ranar 11 ga Disamba 2020 da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Ma'aikatan da suka saba da karaya da saran maciji yanzu suna karɓar masu raunin harbi, kuma tafiyar dare da mai naƙuda ta zama abin fargaba. Na biyu shi ne ficewar ƙwararru. A farkon 2024 shugabannin majalisar jinya suka bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku, da yawansu zuwa Ingila da Amurka. Gurbin da suka bari a manyan birane, ma'aikatan ƙananan garuruwa ne ke tasowa su cike shi, asibitocin karkara kuma su rage a hannun 'yan asalin yankin da ma'aikatan lafiya na matakin farko.